Kwamfutar Tallafi Ta Ce Ni Baƙo Ne a Gidana

Furojet ɗin 'yata Nana Hauwa, babi biyar, aikin wata bakwai, yana kulle a cikin kwamfutar da ke ɗakina a Yakasai, kuma kwamfutar ta ce ni mai gidan ba ni da izinin taɓa shi. Ranar Asabar da hantsi abin ya faru. Na'urar ta yi wani gyaran kanta, ta mutu ta tashi, sai foldar aikin ta ƙi buɗuwa. Wani ɗan rubutu ya fito a allo, da Turanci mai ladabi, wai a nemi yardar adimin. A makon nan makarantarsu za ta rufe karɓar furojet, wanda bai kai ba kuma sai baɗi.

Na tambayi Nana Hauwa wane ne adimin. Ta ce shi ne mai iko da na'urar. Na ce to ai ga ni a zaune.

Ta ce, "Baba, kai a baƙo ta rubuta ka."

Kwamfutar ta tallafi ce. Shekara biyu da suka wuce Mai Girma Uban Tallafi, Allah ya ja zamaninsa, ya raba guda arba'in a mazaɓarmu. Muka yini a rana, aka yi jawabi tara, aka ɗauke mu hoto muna rungume da kwali. Da muka kunna a gida, fuskar Mai Girma ce ta cika allon tana murmushi. Don kada wani butulu ya cire hoton, yaransa suka kulle kowace na'ura da lambar sirri, suka tafi da lambar. An ba mu akuya, igiyar tana hannun mai ita. Ban yi ƙorafi ba a lokacin. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Na fara kai ta wurin Gwadabe mai gyara. Ya duba, ya ce ba ƙofa kaɗai suka kulle ba, har faifan ajiyar bayanan suka ɗaure. Abin da zai iya shi ne ya wanke ta tas, hoton ya tafi, furojet ya bi shi. Na ɗauko kayata.

Ranar Lahadi na samu Isyaku a majalisarsu ta Ƙofar Na'isa. Shi ne hadimin da ya sa lambobin da hannunsa, aka sallame shi ranar da Mai Girma ya sauya jam'iyya. Ya ce lamba arba'in ba fatiha ba ce da zai haddace. A littafi ya rubuta su, littafin yana durowar ofis, kuma ranar da aka kore shi ko hularsa ba a bari ya ɗauka ba.

Ranar Litinin na je ofishin. Sabon hadimi, Zaharaddeen, ya karɓe ni hannu bibbiyu bayan awa uku a benci, abin da ya cancanci yabo, don na kusa da ni tun makon jiya yake zuwa. Ya saurare ni yana danna waya. Ya ce wannan tallafin tsohuwar tafiya ne, su kuma sabuwar tafiya ce, amma in rubuto takarda kwafi uku. Na nuna masa durowar, ga ta nan a gefen gwiwarsa. Ya dube ta, ya dube ni.

"Malam, in muka ba ka lambar nan, wa ya tabbatar mana ba hoton za ka cire ba?"

Na rantse masa ba zan cire ba. Na ce in ana so ma in ƙara wani a zaure, da firam. Ya ce shi ya yarda da ni, amma batun ya fi ƙarfinsa, akwai na sama. Ashe shi ma baƙo ne.

Jiya da yamma ya aiko mini da albishir: an kafa kwamiti mai mutum bakwai kan maganar littafin, zai yi zaman farko ranar Juma'a. Ina yaba wannan hanzari, don na san kwamitin da ya shekara bai samu kujeru ba.

Makaranta za ta rufe karɓa ranar Alhamis da ƙarfe huɗu. Nana Hauwa ta zazzage tsofaffin takardunta a tabarma, tana sake rubutawa da biro. Yau Laraba, tana babi na biyu.