Teburin Yaya Mai Ƙafa Biyu

Ni fa ina jin Turanci, kowa a gidanmu ya shaida. Shi ya sa ko da na shiga zauren masu sha'awar aikin katako a intanet, ban taɓa tambayar ma'anar komai ba.

Yayana Sani, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Birni, ya ce zai ba kafinta aikin tebur. Na ce, "Haba Yaya, ina raye? Ni za ni yi maka." Ya sayo katako mai kyau daga garin Isa, na ƙera. Tebur ya yi kyau, sai dai ya fi rumfarsa ta kasuwa tsawo.

Na ɗora hoto a zaure, na ce ya yi tsawo. Wani Bature ya rubuta: "Take two feet off it." A cire ƙafa biyu ke nan. Na jinjina wa dabarar Turawa, wato a jingina shi da bango. Na sa zarto na datse ƙafafun baya, na ɗora sabon hoto ina jiran yabo.

Dariya ta ɓarke. Ashe ƙafa biyu ta awo yake nufi, a rage tsawo. Har wani ya nemi izini ya nuna wa matarsa.

Yaya ya daɗe yana kallon teburin. "Mi ƙafafun sunka yi maka? Ga shi har yanzu bai shiga ba."

Jiya wandon ɗansa ya yi tsawo, ana neman tela. Ina shigowa Yaya ya ce, "Ku ɓoye yaron, ga mai rage ƙafa nan."