Ranar da Dokta Kumfa Ya Ci Goro

A duk faɗin Al-Sulay, daga layin masu walda har ɗakunan leburori na bayan sito, babu harshe irin na Mukhtari. Ba iya magana ake nufi ba, ko da yake nan ma Allah ya hore masa. Harshen ɗanɗano ne. Idan ya kurɓi ruwan sha'ir sau ɗaya, zai faɗa maka ƙasar da aka noma sha'irin, da watan da aka girbe shi, da ko manomin ya karya kumallo a ranar. Mu 'yan uwansa da muka biyo shi Riyad ɗaya bayan ɗaya mun daɗe da sanin baiwa ce, domin shi da bakinsa ya gaya mana.

Kada mai karatu ya zabura. Abin da ake kira bira a nan ruwan sha'ir ne mai kumfa, babu ko ɗigon abin maye, yana nan jere a firjin kowace baƙala, wato kantin unguwa, kusa da madara. Akwai mai tuffa, akwai mai lemon tsami, akwai mai rumman, akwai kuma baƙi mai ɗaci wanda babu mai saye sai wanda likita ya tsoratar da ciwon ƙoda. Jama'a na sha ne don ƙishirwa. Mukhtari kuwa bincike yake yi, shi ya sa muka naɗa shi Dokta Kumfa, ya kuma amsa ba tare da ya tambayi jami'ar da ta bayar ba.

A iƙamarsa, wato katin izinin zama, an rubuta direba. Shi yana cewa kuskuren mai rubutu ne. Gaskiya dai mota yake ja, yana raba katan-katan na lemo a shaguna, a cikin wata tsohuwar akwala da na'urar sanyinta ta mutu tun kafin a haifi wasunmu. Idan ya dawo da la'asar, rigarsa sai an matse.

Amma ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, sai ka ga wani mutum daban. Zai kife kwali a tsakiyar ɗaki, ya shimfiɗa masa tawul, ya jera kwalabe. Zai zuba kaɗan a kofin shayi, ya ɗaga shi saitin taga, ya juya, ya cusa hanci har sai kumfa ta taɓa gashin baki, kamar yadda ya ga Turawa na yi a waya. Sannan ya lumshe ido.

"Wannan," zai ce, "yana shigowa da ladabi, ya zauna a tsakiyar harshe kamar baƙon kirki, amma wajen fita yana da rashin kunya. Ku ba za ku gane ba. Ku maƙogwaro gare ku, ni harshe."

Mu kuwa sai mu ce, "Haka ne, Dokta." Shekara biyu muna cewa haka ne. Masani kurɓa ɗaya yake yi ya ture kwalba, sauran kuma na masu maƙogwaro ne. Ba mu taɓa samun dalilin musu ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa Alhaji Uwais, wani dattijo mutumin Kano da ke shugabantar ma'aikata a wani kamfanin lemo da bira a Birnin Masana'antu na Biyu, yana neman mutum ɗaya a ɗakin gwaji. Ɗaki mai sanyi. Farar riga. Kujera mai juyawa. Aikin kawai ka kurɓa ka ce ya yi ko bai yi ba. Mukhtari ya ji, ya dafe ƙirji. Shekara tara yana soyuwa a bayan sitiyari, ga shi ƙofa ta buɗe daidai tsawonsa. Ya aika wa Alhaji gayyata: ya zo Juma'a ya gani da idonsa.

Kwana uku harshen yana killace kamar amarya. Babu yaji, babu shayi, babu gardamar ƙwallo. Mamane, mutumin Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, shi ke mana girki, aka tilasta masa dafa shinkafa fara fat, muka ci muna hawaye saboda zumunci. Aka sayo bira kala bakwai daga baƙala huɗu, aka kafa wa firji doka.

Alhaji Uwais ya iso bayan Juma'a, aka gaisa, aka tambayi iyali da mutanen gida, domin satin nan ya dawo daga hutu. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙulli a jiƙaƙƙen tsumma. Ya kwance.

Goro. Fari sol, ɗanye, mai sheƙi. Mu da rabonmu da goron kirki wata takwas, sai busasshe mai kama da tsakuwa. Har ƙarar haɗiyar yawu ake ji a ɗakin.

Alhaji ya ɓare ɗaya, ya miƙa wa mai masauki tukuna. "Malam Mukhtari, bismilla. Tsarabar gida."

To, ko yaron goye ya san wanda ya ci goro idan ya kora da ruwan rijiya zai ji kamar an zuba sukari. Dokta ma ya sani. Amma dattijo ne ya miƙo, dattijon da farar riga ke hannunsa, kuma goron yana kallonsa. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Alhaji, wani harshen goro ke ruɗawa," ya ce yana tauna. "Nawa ya wuce nan. Ni goro ma wasa shi yake yi."

Don ya tabbatar da haka ya ƙara ɓari biyu. Mu ma muka taya shi tabbatarwa, har tsumman ya koma tsumma kawai.

Dokta da kansa ya kawo shawarar a ɗaure masa ido, wai haka manya ke yi. Aka naɗe masa fuska da jan rawanin Larabawa, Mamane ya zama mai miƙa kofi.

Kofi na farko ya kurɓa. "Mai zaƙi ne. Zaƙi mai asali."

Na biyu. "Shi ma... mai zaƙi. Amma zaƙin wannan ya yi karatu."

Na uku shi ne baƙin nan mai ɗaci na masu ƙoda. Dokta ya juya shi a baki, gumi ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin rawani. "Rumman," ya ce. "Rumman na kan dutse, wanda aka tsinka da sanyin safiya."

Alhaji dai carbinsa kawai yake ja.

Ganin Mukhtari na gumi, Mamane ya tausaya, ya tsiyayo ruwa daga jarkar da muke alwala da ita, don Dokta ya kurkure baki. Ya so ya yi bayani, amma bakinsa cike yake da goro, sai kawai ya miƙa.

Mukhtari ya shinshina. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa, abin da bai taɓa yi ba. Sai ya miƙe tsaye, ido a ɗaure, kofi a sama.

"Alhaji! Tsaya nan. Wannan shi ne sarkinsu. Ka ji yadda kumfarsa ta kwanta? Alamar girma ke nan, ba ya hayaniya. Sha'irin wannan ba a ƙasar zafi aka noma shi ba. Shekara tara ina neman irinsa a garin nan. Duk kamfanin da ya yi wannan, a kai ni in gaida mai shi. Ku masu maƙogwaro, ku karɓa ku ji abin da ake kira bira!"

Kofin ya zagayo. Idonmu a buɗe, jarkar na gabanmu, murfinta ma ba a mayar ba. Muka kurɓa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi kuma da zaƙi. Muka dubi juna, muka dubi jarka, muka ce, "Haka ne, Dokta."

Alhaji Uwais ya sa carbi a aljihu, ya tashi, ya kwance wa Mukhtari rawanin da hannunsa. Ya nuna masa jarkar. Ya bar shi ya kalle ta son ransa.

"Malam Mukhtari," ya ce a hankali, "na shekara ashirin a harkar nan, ban taɓa ganin mai girmama ruwa kamarka ba. Ɗakin gwaji dai sai haƙuri. Amma direban tankar ruwanmu ya tafi gida. Ka zo Lahadi da lasisinka."

Ya je kuwa. Yanzu idan ka bi hanyar Masana'antu da tsakar rana za ka gan shi a saman tanka, tawul a wuya, yana jan tiyo. Ya ce mana ƙarin girma ne, domin duk birar da kamfanin ke yi, daga hannunsa take farawa.

Muka ce haka ne.