Jirgi Mai Fikafikai Bakwai da Shimag ɗin Baba Idi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin bikin abokina Usama ba, ko da kuwa na so mantawar, don har yau dangin matata ba sa bari.

Gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, shi ne sana'ata a unguwar Safa da ke Jidda. Amma ciwona shi ne jiragen farko-farko, waɗanda mutane suka ƙera tun ba a san kamannin da jirgi zai ɗauka ba: wani na kaɗa fikafikai kamar zabo, wani an jera masa fikafikai bisa juna kamar kantar shago. Ina kallon tsofaffin hotunansu in ji tausayin masu su, in kuma ji kamar 'yan'uwana ne. (Yawancinsu ba su tashi ba. Wannan ɓangaren ne ban cika tsayawa a kai ba.)

A lokacin ina neman Khadija, ƙanwar Usama. Mahaifinsu, Baba Idi, tela ne a Balad, tsohon cikin garin Jidda, mutum mai ƙarancin magana. Labari ya iso mini cewa ya ce ba zai ba da 'yarsa ga ƙaton da ke wasa da kwali ba. Abin ya yi mini zafi ƙwarai. Na ƙudura sai ya ga injiniya da idonsa.

Na ƙera jirgi mai fikafikai bakwai da tsinken gora da takarda, na sa masa ɗan injin fanka da farfela. Shirin shi ne ya ratsa kan baƙi a farfajiyar wurin biki, ya sauka a gaban ango. Na gwada shi a falonmu, ƙofa rufe, mukayyif na busawa, ya tashi lafiya lau. Abin da na manta, ni da nake cin abinci da laimar Jidda kullum, shi ne wurin bikin yana dab da teku. Kafin a idar da sallar magariba takardar ta sha iska ta yi laushi kamar gurasar da aka tsoma a shayi.

Maza sun zauna kan darduma, ana zuba gahawa. Na miƙe na yi gyaran murya, har da ɗan jawabi kan tarihin sufurin sama. Usama ya ce, "Yalla ya muhandis, yi sauri injiniya, shinkafa na hucewa."

Na saki jirgin. Fikafikan suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya karkata, ya nufi layin dattawa. Farfelar ta cafki gefen shimag ɗin Baba Idi, ƙyallen nan ja da fari na kansa, ta naɗe shi, ta fizge har da hular ciki. Jirgi da shimag da hula duk suka zube cikin tiren shinkafa. Sanƙon da surukansa ma ba su taɓa gani ba ya bayyana ƙarƙashin fitila.

Na ji aurena ya mutu a tsaye, ni kuma kunya ta hana ni ko ɗaga ƙafa.

Baba Idi ya tsamo jirgin daga shinkafa, ya juya shi, ya murza fiffike ɗaya da yatsa kamar mai taya yadi.

"Ya waladi, ɗana, takarda? A Jidda?"

"Na tuba, Baba."

"Halas, ya wuce. Kawo shi shago, ina da yadi marar nauyi, in ɗinka maka." Ya karɓi hula daga hannun ƙaninsa ya rufe kai. "Manyanka kuma su zo maganar Khadija. Amma ta ƙasa za su zo."

Sai a lokacin mutane suka samu izinin dariya, wasu har da hawaye.

Mun ɗinka fikafikan tare, ni da surukina, kuma jirgin bai tashi ba har yau, sai dai yanzu laifin namu ne mu biyu. Darasin da na koya kuwa: in za ka burge surukinka da abin da ke tashi sama, fara tabbatar da cewa yana zaune a bayanka.