Rasuwar Majigin da Ke Nuna wa Baffa Taurari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki ƙuna wanda tarbiyya ta hana ni ambata, ni Malama Nazifa, mai koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata a nan Ƙauran Namoda, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar majigina. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce a garin Zurmi, nesa da gida, a hannun mutanen da ba su san darajarsa ba, lulluɓe da bargo a tsakiyar bazara. Limamin unguwarmu ya ce ba a yi wa na'ura addu'ar rahama, na kuma bi maganarsa. Bai dai ce kada a faɗi wanda ya kashe shi ba.

Marigayin ba ɗan gata ba ne. Ɗan gwanjo ne, na ɗauko shi a Gusau da tabo a goshi da ƙafa ɗaya gajera, sai an tokare shi da marfin kwalba yake tsayawa daidai. Amma bai taɓa ba ni kunya ba. Abincinsa batirin sola, kuma bai taɓa raina shi ba. In an kunna shi yakan gaida mutane da "ɗit-ɗit", sannan ya fara numfashinsa, "fuuuuu", ta 'yan hujojin da ke gefensa. In an kashe shi ma ba ya yin shiru nan take, sai ya ci gaba da hura iska har jikinsa ya huce. Abu ɗaya ya roƙa a duk rayuwarsa, a bar shi ya sha iska, kuma kowa a gidanmu ya san haka.

A makaranta ya yi aikin da littafi ya kasa. Shi ya kawo wa ɗalibaina hotunan James Webb, madubin hangen nesan da aka harba sararin samaniya, mai ganin hasken da idon mutum ba ya gani. Ta bakinsa 'yan matan ƙauyukan Sakajiki da Ɗan Isa suka ga inda taurari ke haihuwa a cikin gajimaren ƙura, suka ga haske da ya taso tun kafin a yi wannan duniya yana isowa sai yanzu. Ya nuna musu yadda masana ke gano wata duniya tana kewaya wata rana, domin hasken ranar yakan ɗan dushe in duniyar ta gifta ta gabanta, har ma su karanto irin iskar da ke can daga wannan ɗan hasken. Yarinyar da ke barci a darasin lissafi ba ta ƙifta ido a gabansa.

Amma babban aikinsa a gida yake, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Mahaifina, Baffa, makiyayi ne daga Jangeru. Da taurari ya yi kiwo duk rayuwarsa. Da su yake gane hanya, da fitowar Kaza da 'ya'yanta yake sanin inda shekara ta kai. Da zaman daji ya gagara, muka ɗauko shi ba saniya ko ɗaya. Sai ido kuma ya fara tafiya. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, abin da ya rage masa kaɗan ne, kuma raguwa yake. Baffa ya daina ganin taurarin sama. Allon waya a wurinsa hazo ne kawai. Amma in na rufe tagogin falo da zannuwan gado bayan la'asar, marigayi ya watsa hoto a farin bango daga sama har ƙasa, Baffa yana gani. Da na nuna masa tarin taurari masu murɗewa, ya ce wannan ai garke ne, ya tambayi wa ke kiwonsu, ya kuma ba kansa amsa da tasbihi. Da na ce masa akwai wata 'yar rana mai duniyoyi bakwai, ya yi dariyar da rabonsa da ita tun yana da shanu, ya ce ko a can akwai ciyawa. Bangon nan shi ne sauran ganin da ya rage wa mahaifina a duniya.

Game da jinyar marigayi, ba ta yi tsawo ba, domin ba ciwo ne ya kashe shi ba, girmamawa ce. Yayan mijina, Alhaji Armiya'u, ya buɗe gidan mai a Zurmi, ya sa aka ɗauki bidiyon bikin, ya kuma ga bai kamata manyan baƙinsa su kalli fuskarsa a ƙaramar talabijin ba. Ya aiko a ba shi aro ina makaranta. Mijina Isah, wanda tun da aka haife shi bakinsa bai taɓa iya ce wa yayansa a'a ba, ya naɗe marigayi ya miƙa, bai ko tuna ya ce a bar masa iska ba.

A can aka ɗora shi a kan tebur a tsakiyar falo. Uwargidan Alhaji, Hajiya Rahina, wadda duk abin da ke da daraja a ɗakinta a rufe yake da ƙyalle mai ado, daga talabijin har kulolin abinci, ta dubi tabon goshinsa ta ce wannan tsohon abu zai zubar musu da mutunci. Ta yafa masa ƙyalle. Da aka fara kallo, Alhaji ya ce hurin iskar nan yana danne jawabinsa. Sai ya sa aka ɗauko bargon da ya sayo a Makka, mai kauri, aka nannaɗe marigayi aka bar masa ido kawai. Wani mai neman suna ya matso da kaskon turaren wuta kusa da shi don ya yi ƙamshi.

Masana sun yi wa madubin James Webb rumfa hawa-hawa don kada zafin rana ya taɓa shi. Nawa majigin kuwa bargo aka ba shi a watan da ko ƙadangare inuwa yake nema. Waɗanda suka halarta sun ce ya yi "ɗit-ɗit, ɗit-ɗit, ɗit-ɗit" yana neman taimako, Alhaji ya ce a ƙara sautin lasifika. Daga nan sai "ɗas", sai wari. Abu na ƙarshe da idon da ya nuna haihuwar taurari ya gani shi ne Alhaji Armiya'u yana yanka ribon a gaban famfon fetur.

Ya rasu ya bar ɗalibai aji guda da suka koma kwafar zane daga allo, da 'yar kwamfuta cike da hotuna ba mai faɗaɗa su, da marfin kwalbar da ke tokare shi, da farin bango, da Baffa.

Ana sanar da jama'a cewa ba a karɓar gaisuwa daga waɗannan: duk wanda zai ce mini ai kwanansa ne ya ƙare, domin Alhaji ya riga ya faɗa, kuma bargo ba ƙaddara ba ne da ya faɗo daga sama. Duk wanda zai ce zumunci ya fi ƙarfe. Da kuma mai kawo kwalin lemo, na farkon da Alhaji ya aiko ma na mayar. Alƙawarin sabon majigi in Alhaji ya dawo Umara ta baɗi, an ji, an gode. Idon Baffa ba zai jira baɗi ba. Isah kuwa yana cin abincinsa a gidan nan kamar kullum, gaisuwa ce dai ba ta haɗa mu.

Ga abin da ya sa ba zan huce ba. Kullum bayan la'asar Baffa yana lallabawa ya jawo kujerarsa, ya fuskanci bango, ya zauna. Na gaya masa majigi ya mutu. Isah ya gaya masa. Bai yarda ba. Ya ce ya gode da tausayinmu, amma shi ba yaro ba ne, ya san majigi yana nan a kunne, idonsa ne ya ƙarasa, kuma kada mu ƙara yi masa ƙarya don Allah. Jiya ya roƙe ni in riƙa faɗa masa abin da ke bangon, ko da baki ne.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a falon gidanmu. Ba wanka, ba salla. Za a rufe tagogi kamar yadda aka saba, a kuma ajiye kujerar Baffa a inda take. Hajiya Rahina ta taho da bargon mijinta, shi ne likkafani. Isah ne zai ɗauko gawa. Alhaji Armiya'u kuma, da hannunsa, zai ɗora ta a cinyar Baffa, ya kama yatsun tsohon ya kai su kan hujojin da iska ke fita, ya bar su a nan har Baffa ya ji da kansa cewa ba numfashi, ya san ba idonsa ne ya mutu ba.

In Alhaji bai zo ba, gawa ba za ta tashi daga ƙofar falo ba.