Tsarabar Garkuwan Masu Fiffike

Duk tsuntsun da ke shawagi tsakanin Wurno da Goronyo, in dai yana da tarbiyya, ya kamata ya sauko ya gaida Alhaji Mode. Shi ne shugaban Ƙungiyar Masu Kallon Tsuntsaye, kuma Garkuwan Masu Fiffike, sarautar da ya naɗa wa kansa wata Laraba don kada ya wahalar da kowa. An zaɓe shi bisa cancanta: cikin 'yan ƙungiyar su tara, shi kaɗai ke da mota.

Iliminsa kuwa sai dai a ce Masha Allahu. Ya raba tsuntsayen duniya gida biyu, masu nama da marasa nama. Madubin hangen nesansa kullum yana rataye a wuya, har wurin ɗaurin aure. Don tsabar adana kaya, bai taɓa cire masa murfi ba.

Ƙananan ayyuka, irin su sammako da shiga taɓo, ya bar wa Malama Safara'u, mai koyarwa a firamare. Damina uku tana bin wasu gauraka biyu, mace da namiji, a fadamar wani ƙauye bayan Taloka. Su kaɗai suka rage a wajen. Sauran duk an kame, an sayar wa manya suna ado da su a tsakar gida. Bana suka yi ƙwai biyu cikin ciyawar ruwa, saura kwana goma a ƙyanƙyashe. Roƙonta ɗaya: kowa ya kama bakinsa. Kuskurenta ɗaya: ta gaya wa shugaba.

"Shiru?" in ji Garkuwa. "Haba Malama! In mun yi shiru, mi za mu gwada ma duniya?"

Ranar Asabar ya dira ƙauyen cikin farar shadda mai ƙarar sitati, da lasifika, da maroƙi, da mai hoto. Bai ƙarasa fadamar ba saboda takalmi. Ya tsaya ƙofar Maigari, ya ɗora madubi a ido da murfinsa, ya fuskanci gabas, ya shaida wa jama'a ya ga gaurakan, lafiyarsu lau. Fadamar tana yamma.

"Jama'a!" ya ce cikin lasifika. "Ni da kuke gani, ba ni da abin so duniyar ga kamar gauraka. Ku tambayi iyalina! Burina in buɗe ido da safe in ishe gauraka gabana. Ga su can bayan gonar shinkafa, gindin giyayya, kwance bisa ƙwai, ku ba ku ko sani ba!"

Sau uku Safara'u tana miƙewa ta ce kada kowa ya matsa wurin, sau uku maroƙi yana danne ta da kirari. Zancen a bar tsuntsayen su sarara yana cikin jawabin, wallahi yana ciki, shafi na bakwai. Garkuwa yana shafi na shida aka kawo fura, ya rufe taro da addu'a.

Mutanen ƙauyen nan kuwa masu mutunci ne, babban baƙo ba ya barinsu hannu wofi. Maigari ya riga ya ɗaure rago. Amma mutum ya faɗi abin da ransa ke so da bakinsa, a lasifika, sannan ka ba shi rago? Ai abin kunya ne. Ya kira magidanta biyu ya yi musu raɗa.

Bayan azahar, Garkuwa na shirin shiga mota, sai ga su jiƙe har ƙugu. Gauraka biyu, ƙafafu a ɗaure, an rage musu gashin fiffike don kada su wahalar da Alhaji. Ga kuma 'yar ƙwarya a rufe da faifai.

"Ranka shi daɗe, a yi haƙuri, babu yawa," in ji Maigari. "Su ɗai munka samu, da mun ƙaro. Ƙwan kau an dahwa, kada su hwashe hanya."

Safara'u ta zauna a ƙasa daɓas. "Damina ukku," kawai take faɗi, hawaye na zuba.

Garkuwa ya shiga tunani mai zurfi, kusan rabin minti. Mayar da kyauta wulaƙanci ne ga Maigari, shi kuma ba a san shi da wulaƙanta mutane ba. Ya gyara hula, ya tsaya tsakanin tsuntsayen, aka ɗauki hoto.

A hanya ya waiwayo ya rarrashe ta.

"Share hawaye, Malama. Nasara ta wannan. Yanzu wane maharbi ka iya taɓa su?"

Ya buɗe faifan, ya ɓare ƙwai ɗaya. Da yake shi ba marowaci ba ne, ya miƙa mata gudan, ya tambayi direba ko akwai yaji a motar.