Inuwar Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko ina koyarwa a wani ƙauye arewa da Belbeji ba, ko da yake na so in manta. Ni ɗan Damagaram ne, na taso da salga cikin gida. Har ina yi wa yara bayani a aji, da ɗaga kai, cewa ana ce wa abin "bayan gida" ne saboda mutanen da ba su da salga, sai su ɗauki buta su zaga baya. Ina faɗa kamar labarin da ya wuce.

Makiyayan wajen ba su gama yarda su ba mu 'ya'yansu ba, kullum ina lallashi. Don haka da Baba Ahmadu, dattijonsu, ya gayyace ni ɗaurin auren ɗansa, na saka shaddata ɗaya tilo na tafi neman mutunci.

Aka kawo mini nonon raƙumi. An ce in sha kaɗan, yana wanke cikin baƙo. Na shanye ƙwaryar tas (wai don su ga ni ma nasu ne).

Kafin azahar cikina ya fara kuka. Na ɗauki buta na fita: fili fetal, ba katanga, ba kara. Can na hango wata aduwa ita kaɗai, na nufe ta da gudu-gudu. Na ga an share gindinta tsaf, amma a halin da nake ciki ban tambayi kaina dalili ba.

Ina tsugune na ji muryoyi. Maza ne, da tabarmi a kafaɗa, liman a gaba. Inuwar ke nan kaɗai a wajen. Nan ake salla, nan ake ɗaura aure. Su in za su zagaya, tudu suke haurawa can nesa, ko yaro ya san haka.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Baba Ahmadu ya juya mini baya, ya ce, "Mushe," (haka ake kiran malamin boko a can) "ƙarasa a hankali. Mu ma ɗaura auren a rana."

A rana aka ɗaura. Suka zaunar da ni sahun gaba, ina kallon gumi yana jiƙa rawunan tsofaffi. Wallahi na gaji da kaina a ranar.

Tun daga nan, duk inda na sauka, kafin in tambayi alƙibla sai na tambayi inda ake zagayawa.