Sitiyarin Malam Tambari

"Da iyali, da gajiya, da shanun kakana da kun ka cinye?"

"Lahiya lau, Malam. Shanu kam sun yi daɗi da sakwara, a gaida masu kiwo."

Haka Malam Tambari da Barnabas bakanike suke gaisawa shekara ashirin ke nan, a garejin Barnabas da ke Tudun Wada. Tambari Bafulatanin Ƙofar Taramniya ne, tsohon malamin makaranta. Barnabas kuwa Tibi ne haifaffen Sakkwato, Sakkwatancin bakinsa ya fi na wasu masu garin. Kowa ya san wasan Fulani da Tibi, in an haɗu ba mai raga wa wani.

Ina kan benci ina jiran tawa motar, na lura dariyar Malam ba ta kai ciki ba. Mun riga mun ji labari. Sau biyu cikin mako guda yana gogar ƙofar gida da tsohuwar motarsa, don sitiyari ya ƙi juyuwa a hannunsa. Babban ɗansa Abdurrashid ya ce ƙarfin Baba ne ya ƙare, ranar Juma'a shi da ƙannensa za su karɓi makullin motar. Abin da ya fi ci wa tsohon rai, shi ma ya fara yarda da su.

"Mi yak kawo Bahillace gareji da sahe?" in ji Barnabas. "Nan ba mu gyaran sanda."

"Sitiyari nik kawo a duba. Ya yi tauri awa kanka."

"Sitiyari ko hannu? Mutumin da an ka raina da tsala, iska ma juya shi takai, ina shi ina juya mota?"

"Hannun ga ya kada bijimi tun kana rarrahe cikin gonar doya."

"Bijimin da zawo yar riga ya kada dai."

Barnabas ya shiga ya tada mota, ya kama sitiyari. Motar ta yi wani gurnani. Da idona na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, amma ja'irin ya fito yana murmushi.

"Lahiyatai lau. Tabita matata da yatsa guda taka juya shi."

Na zaci Malam zai rama. Maimakon haka ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, ya dunƙule ya buɗe, sai ya ba ni tausayi ƙwarai. Barnabas ma ya gani, nan da nan ya sake hanya.

"Ƙarya nikai, Malam. Kahwaɗata ta kusa gocewa. Wanga sitiyari ko ɗan dambe sai ya yi nishi. Bari in ga cikinta."

"Dama ƙarya gadonku ta."

"Wurinku mun ka koya, garin sayen nono."

Ya ɗaga bonet, ya kwance murfin wata 'yar tukunya, ya zura yatsa ya fito da shi a bushe.

"Yaushe rabonka da ba ta man sitiyari?"

"Sitiyari mai shika sha?"

"A'a, hura shika sha. Gurnanin ga da kaka ji, hwamho na ka jan iska, mai ya ƙare tas. In ta kwana, ba ka ganin wani jan abu ƙasa, wajen tayar gaba?"

"Wannan ai tohin goro na."

Barnabas ya ajiye sifanar da ke hannunsa a hankali. "Tohin mi?"

"Goro. Tsohin majalisar ƙohwar gidana, da Alhaji Zulkihilu da sauransu. Kullum sai in iske sun tohe min gindin mota jajir. Na yi magana, sun ka rantse ba su na ba. Ni ko nic ce su ɗauke tabarmassu. Wata guda ke nan ba mu ko gaisawa."

"Ƙarƙashin mota, Malam? Kwanciya sukai rigingine su tohwa?"

"Ba ka san Zulkihilu ba. Akwai saiti."

Barnabas ya yi dariya har ya dafa taya. Ya shige ƙarƙashin motar, jim kaɗan ya fito da wani baƙin tiyo, tsage kamar bakin kifi, jan mai na ɗiga daga jikinsa.

"Ga Zulkihilunka. Man sitiyari ja na, ta nan shika zuba. Shekara talatin kana koya ma ɗiyan mutane karatu, ba ka rarrabe mai da miyau ba."

"Ni tarihi nik koyar, ba ƙazanta ba."

Ya sa sabon tiyo ya ɗaure, ya taɓa bel ya ji ya saki ya ƙara masa ƙarfi, ya cika tukunyar da mai. Sannan ya ɗaga gaban motar da jak, ya yi ta murza sitiyari dama da hagu har ƙarshe, kumfa na tasowa, har iska ta gama fita gurnanin ya mutu.

"Shiga. In wanga ma ya gagare ka, sai mu sai maka jaki."

Malam ya shiga da bisimilla. Ya kama sitiyarin da hannu biyu, ya tattara ƙarfinsa duka ya murɗa, saura kaɗan ya faɗa kujerar gefe. Ya sake gwadawa da hannu ɗaya. Ya fita titi ya yi kwana, ya dawo, ya sake fita ya yi wata kwanar da ba wanda ya sa shi. Da ya tsaya, ya daɗe bai fito ba. Murna ce ta hana shi, kuma ba ya son Tibi ya ga idonsa.

Barnabas ya naɗe tsagaggen tiyon a tsohuwar jarida ya miƙa masa ta taga.

"Tsarabata ga Abdurrashid. Ka ce mai ga tsohon da ƙarhinai yaƙ ƙare, shi za a amshe ma makulli."

Malam ya karɓa ya ɗora a cinya, yana dariya yana share ido da bakin rawani.

"Yau dai ka kada ni, ɗan doya. Ashe ana samun mai hankali guda cikinku." Ya sa giya. "Ran Juma'a ni ka jan su zuwa masallaci, Abdurrashid kuma baya zai zamna."